Birkin Wili Ko Birkin Faifai: Abin Da Na Koya Daga Masu Tsallen Duwatsu Da Keke

A cikin hutun ƙarshen zangon karatu da ya gabata ne ɗana na biyu, wanda bai daɗe da cika shekara 15 ba, ya same ni a ɗakin karatu riƙe da wayar mahaifiyarsa, ya ce, "Baba, ka ga irin keken da nake so." Na karɓa na duba. Wani Bature ne tsaye a kan keke mara sirdi, ƙafar gaba a sama, yana ta tsalle da ƙafar baya kaɗai a bisa wani dutse, can sai ya yi wuf ya dira a kan wani dutsen da ke gefe, ya tsaya cak kamar an kafa shi. Yaron ya ƙara da cewa shi dai ko wane iri za a saya masa, lallai ya kasance mai birkin faifai, domin a cewarsa birkin roba mai matse wili ya zama tsohon yayi, na dattawa masu zuwa gona ne. Na mayar da hoton baya, na tsayar da shi daidai inda ƙafar baya ta fito sosai, na ce masa ya nuna mini faifan. Ya duba, ya sake dubawa, bai ga faifai ba. Ashe gwanin da yake sha'awar, birkin dattawan ne a ƙafar bayan kekensa.

Ni ba gwanin keke ba ne. Iyakar hawana shi ne na zamanin ƙuruciya, sa'ad da muke tara 'yan kwabbai mu karɓo hayar Raleigh ko Phoenix mu zaga unguwa. Abin da ya sa na san inda zan duba a wannan hoto shi ne wani zama na wata tara da na taɓa yi a wani ƙaramin gari da ke kudancin ƙasar Jamus, lokacin da na je wani bincike da ya shafi fannina na nazarin harshe. Gidan da aka sauke ni yana maƙwabtaka da na wani dattijo, tsohon ma'aikacin masana'antar ƙarfe, wanda jikansa matashi ke zaune tare da shi. Kusan kullum da la'asar sai in riƙa jin wata irin ƙara mai kama da kukan dinya tana tashi daga bayan gidansu, ta yi ta ɗauke, ta sake yi ta ɗauke, har ta hana ni karatu. Da abin ya ishe ni, sai na fita da niyyar in roƙi arziki a sassauta mini.

Na tarar da matashin a kan keke irin wanda ɗana ya nuna mini, yana hawa da sauka a kan tarin katako da gungume da wasu manyan bututun kankare da aka jera masa, kakan kuma yana tsaye yana kallo. Bayan mun gaisa, sai na ce wa dattijon, cikin ladabi da nufin alheri, ga alama birkin keken nan ya lalace, ya kamata a kai shi wajen gyara. Dattijo ya yi dariya har da dafa shinge, sannan ya ce mini ranar da birkin nan ya daina wannan kuka, ranar ce hankalinsa zai tashi. Ya kira jikan ya kawo keken, ya ce in shafa gefen wilin baya, wato ƙarfen zagayen nan da taya ke zaune a kansa. Na shafa, na ji shi da kaushi kamar magagari. Ya ce shi da hannunsa ya sa giranda ya karce shi haka, kuma duk sa'ad da kaushin ya lafa sai ya sake. Na tsaya ina mamaki, domin a iya sanina mai keke lallaɓa wilinsa yake yi. Daga ranar na zama ɗalibin wannan dattijo, shi da Jamusancinsa mai karin kudu, ni da nawa na koyo, har muka riƙa fahimtar juna.

Bari in fara gabatar wa mai karatu da wasan kansa, tun da ba a san shi sosai a wajenmu ba. Sunansa tirayal. Asalinsa wasan babur ne da ya faro a Birtaniya tun farkon ƙarni na 20, inda ake gwada gwanintar mahayi a wurare masu wuyar bi. Na keke kuwa ya bunƙasa ne a yankin Kataloniya na ƙasar Sifen wajen ƙarshen shekarun 1970, inda Pere Pi, ma'aikacin kamfanin babura na Montesa kuma shi kansa tsohon gwanin babur, ya ƙera wa ɗansa Ot Pi ƙaramin keke don ya koyi dabarun kafin ya isa hawan babur. Ɗan nan ya zama zakaran duniya sau da dama, uban kuma ya kafa kamfanin kekuna na Monty a shekarar 1983. Mutanen Sifen sun raɗa wa wasan suna trialsin, wanda taƙaitawa ce ta maganar da ke nufin "tirayal ba inji" a harshensu. A yau hukumar kekuna ta duniya, UCI, mai hedikwata a garin Aigle na ƙasar Suwizalan, ita ke shirya gasarsa ta duniya, kamar wadda aka yi a Chengdu ta ƙasar Sin a 2017 da ta Gilasgo a 2023.

A wannan wasa ba tsere ake yi ba. Ana shata wa mahayi hanya ta cikin duwatsu da gungume da katangu, a ba shi ɗan lokaci ƙayyadadde, a ce ya bi ta ba tare da ya sa ƙafa a ƙasa ba. Kowace saukar ƙafa laifi ɗaya ce, wanda ya tara 5 ya faɗi wannan sashe, kuma ko da yake an yi wa tsarin ba da maki gyare-gyare daga baya, wannan tushe bai sauya ba. Keken gasar ba shi da sirdi, domin babu lokacin zama. Giyarsa ɗaya ce mai sauƙin takawa. Tayarsa ta baya mai kauri ce da ba a cika mata iska. Nauyinsa kuwa bai cika kai kilo 10 ba. Maza suna fafatawa a rukuni biyu, na keke mai ƙafa inci 20 da na mai ƙafa inci 26. Mai karatu ya riƙe waɗannan lambobi biyu, domin za mu dawo kansu.

A matsayina na ɗalibin harshe, inda na fara gano bakin zaren shi ne a cikin kalmar birki ita kanta. Kalmar aro ce daga Ingilishi, wadda Bahaushe ya cusa mata wasali tsakanin baƙaƙen farko guda biyu don ta zauna a bakinsa, shi ya sa wani ya ce birki, wani ya ce burki. Muna cewa ja birki, taka birki, ci birki, birki ya kama, birki ya shanye. To amma kalmar nan ɗaya ta tattara ayyuka biyu mabambanta. Na farko shi ne rage gudu, wato a ci ƙarfin abin da ke tafiya a hankali har ya tsaya. Na biyu shi ne riƙewa, wato a hana abin da ke tsaye motsawa ko da ana tura shi. Masu ƙera mota sun raba ayyukan, suka ba direba birkin ƙafa don na farko da birkin hannu don na biyu. A keke kuwa birki ɗaya ke yin duka biyun, saboda haka ba mu cika lura da bambancin ba. Mai zuwa kasuwa, da mai tsere a kan titi, da mai gangarowa daga kan dutse, duk aikin farko suke nema. Mai tirayal, wanda gudunsa bai cika wuce na mai tafiya a ƙasa ba, aiki na biyu yake nema, musamman a ƙafar baya.

Dalilin haka a fili yake. Idan mahayi ya tsaya da ƙafar baya a bakin katangar da ta kai ƙirjin mutum, nauyinsa duka yana kan ɗan wurin da taya ta taɓa, wanda bai kai tafin hannu ba. Idan birki ya zame ko da na faɗin yatsa ne, keken zai sulale daga ƙarƙashinsa ya yi gaba, shi kuma ya faɗi ta baya, gadon baya da ƙeya su fara isa ƙasa. Idan kuma ya yi tsalle ya dira a gefen dutse bai hau sosai ba, ƙafar za ta nemi juyawa baya, birkin ne kaɗai zai hana ta. A garejin dattijon nan akwai wata hular kwano da ta tsage ta baya, an rataye ta a ƙusa. Ya ce ta jikansa ce, ranar da robar birkinsa ta ƙare bai faɗa ba, kuma ya bar ta a nan ne don yaron ya riƙa ganinta duk sa'ad da ya zo ɗaukar keke. Zaɓin birki a wannan wasa magana ce ta ƙashin baya.

To, yaya kowane birki yake yin wannan riƙo? Mu ɗauki misalin ƙyauren ɗaki da iska ke turawa. Idan ka tare shi daga bakinsa, wajen mariƙi, da yatsa biyu ma sai ka riƙe shi. Idan kuwa ka tare shi daga can kusa da inda aka maƙala shi a jikin bango, sai ka sa ƙarfinka duka. Birkin wili daga bakin ƙyaure yake kamawa, birkin faifai kuma daga kusa da gindinsa. Wilin ƙafa mai inci 26 faɗinsa milimita 559 ne daga gefe zuwa gefe, wato robar birki tana kamawa a nisan kusan milimita 280 daga tsakiyar ƙafa. Faifan da aka fi sa wa keke kuwa faɗinsa milimita 160 ne ko 180, wani lokaci 203, kuma mai 180 ɗin yana kamawa a nisan da bai wuce milimita 90 ba. Ke nan, kafin su yi riƙo iri ɗaya, sai birkin faifai ya yi aiki da ƙarfin da ya ninka na birkin wili sau uku ko fiye. Yana iya yin hakan, domin takalman birkinsa suna zaune daf da faifan, ɗan motsin yatsa kaɗan yana zama matsi mai tsanani. Sai dai wannan ƙarfi duka yana sauka ne a kan ɗan kunnen da aka ɗaure birkin a jikin firam, kuma a tirayal yana zuwa ta gaba yana zuwa ta baya. Shi ya sa firam ɗin da ba a ƙarfafa wannan wuri ba yakan tsage daga nan.

Akwai kuma magana ta biyu, wadda dattijon ya ce ita ce ta fi muhimmanci. Faifai a jikin hob yake, wato cibiyar ƙafa, alhali abin da ake so a riƙe shi ne taya, wadda ke can gefe. Tsakaninsu akwai wayoyin nan sirara da masu gyaran keke ke kira sifok, galibi guda 32 ko 36. Idan birkin faifai ya kama hob, wayoyin nan sukan ɗan bayar kafin su riƙe wili, ga kuma ɗan motsin da takalman birki kan yi a cikin gidansu idan ƙafa ta sauya daga turawa gaba zuwa ja baya. Mai tafiya a titi ba zai taɓa jin wannan ba, amma wanda ke tsaye a bakin dutse yana jinsa a tafin ƙafarsa kamar ƙasa na ɗan motsi. Birkin wili ya tsallake wannan matsala, domin yana kama wilin da tayar ke kansa kai tsaye, ba ruwansa da wayoyin. Kuma gwargwadon girman ƙafa, gwargwadon tsawon wayoyin da yawan bayarwarsu.

Birkin wilin da 'yan wasan suka fi amfani da shi ya bambanta da na Raleigh ɗin da muka sani, mai sandunan ƙarfe. Wannan da mai yake aiki, a cikin siririn tiyo, kamar birkin mota. Kamfanin Magura na Jamus, wanda Gustav Magenwirth ya kafa a garin Bad Urach a 1893, kuma aka haɗa sunansa daga farkon sunan mai shi da na garin, shi ya fito da birkin wili mai aiki da mai a 1987, samfurinsa mai suna HS33 kuma ya zama abin da aka fi sani a ƙafar bayan keken tirayal. Ƙarfin matsinsa ya kai yana buɗa ƙafafun firam ɗin kansu, har sai an ɗaura wani ƙarfe mai siffar takalmin doki ya riƙe su. 'Yan wasa ba su tsaya a nan ba. Sun riƙa karce wili da giranda, kamar yadda na gani, su sa robobi na musamman masu kama kaushin. Wasu sukan goga ɗan kwalta a gefen wili don ya yi danƙo. Wasu ma sukan zubar da man kamfani su ɗura ruwa, wai ya fi saurin amsawa, su haɗa da maganin daskarewa saboda sanyin ƙasarsu, ko da yake kamfanin bai yarda da hakan ba. Kukan dinyar da ya hana ni karatu, ƙarar roba ce tana cizon wilin da aka karce.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Duk karta ɗaya tana cin naman wili, saboda haka bayan an maimaita sau da dama sai gefensa ya yi siriri, dole a saya sabo a sake ɗaura wayoyi. Robar ma kaushin yana cinye ta da wuri. Idan wili ya ɗan karkace, abin da ba makawa ga mai dira a kan duwatsu, birkin zai riƙa gogawa ko ya ƙi kamawa daidai. Wilin da ba a karce ba, da ruwa ya taɓa shi riƙonsa ya ragu ƙwarai. Kwalta kuwa a cikin ruwa santsi take komawa, a cikin ƙura kuma ta kwashi datti. Babban aibinsa shi ne ba shi da tsaka-tsaki: ko dai a sake, ko a kulle. Wanda yake so ya ɗan taɓa birki kaɗan ƙafa tana ci gaba da juyawa, wannan birki ba zai ba shi haɗin kai ba. Ga kuma ƙarar da ke haɗa mutum faɗa da maƙwabta.

Birkin faifai ya fi shi a duk waɗannan wurare. Yana nesa da taɓo da ruwan hanya, saboda haka riƙonsa da damina bai cika bambanta da na rani ba. Ba ya kula da karkacewar wili, ba ya cin wili, ba ya buƙatar giranda, kuma ba shi da yawan ƙara idan yana da tsabta. Mafi girman falalarsa ita ce yana karɓar umarni daki-daki, a ja kaɗan ya kama kaɗan, a ja da ƙarfi ya kulle. Kamfanin Hope da ke garin Barnoldswick a arewacin Ingila ya ƙera samfuri na musamman don wannan wasa mai suna Mono Trial, wanda ya samu karɓuwa sosai. Nasa raunin shi ne faifan siriri ne, kuma yana gefen ƙafa, daidai inda dutse kan buga idan mahayi ya yi tsalle ta gefe ya kuskure. Da ya lanƙwashe kuwa wasa ya tsaya. Haka nan ɗigon mai ɗaya, ko daga sarƙa ko daga hannu, ya isa ya ɓata takalman birkin har sai an sauya su.

Idan aka haɗa waɗannan bayanai, sai a ga dalilin da ya sa 'yan wasan ba su tsaya a kan amsa ɗaya ba. A keke mai inci 20, inda wayoyi gajeru ne kuma ƙafar ba ta da girman da za ta rinjayi faifai, da yawa sun koma faifai gaba da baya, ko da yake masu riƙe da birkin wili ma suna nan. A keke mai inci 26 na gasa, ƙafar baya ta zauna a hannun birkin wili, ta gaba kuma ta zama ta zaɓi: mai son taɓawa daki-daki ya sa faifai, mai son rage nauyi da kamawa nan take ya sa na wili. Akwai kuma reshe na uku, na masu wasa a titunan birni, waɗanda suka fi son ƙafa mai inci 24 kuma suna haɗa tsalle da gudu. Mafi shahara a cikinsu shi ne Danny MacAskill, ɗan tsibirin Skye na Sikotland, wanda ɗan gajeren fim ɗin da aka ɗauke shi a titunan Edinbura, aka kuma sake shi a watan Afrilun 2009, ya sanar da duniya wannan wasa. Irin wasansa yana buƙatar rage gudu da riƙewa duka biyun, saboda haka faifai ne ya mamaye wannan reshe. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ban ga laifin ɗana ba da ya ɗauka birkin wili ya mutu, domin a sauran sassan duniyar keke kusan haka abin yake. Kekunan hawa da gangaren duwatsu sun koma faifai tun daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa na 2000. Masu tseren titi sun daɗe suna jayayya, har hukumar UCI ta halatta faifai a gasanninsu a 2018, kuma cikin 'yan shekaru manyan ƙungiyoyi suka koma kansa. Waɗannan duka sun yi daidai, domin aikinsu rage gudu ne a kan gangara, wani lokaci cikin ruwan sama. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauki hukuncin da ya dace da aiki ɗaya a shimfiɗa shi a kan kowane aiki, don kawai sunan kayan aikin ɗaya ne. Gwanayen da suka riƙe birkin wili a ƙafar baya ba kuɗin faifai suka rasa ba. Wasunsu ma kamfanoni ne ke ba su kaya kyauta. Sun gwada ne suka ga abin da ya fi riƙe su a bakin dutse.

Wannan magana ta shafe mu a nan gida ta wata fuska. Wanda ya leƙa wajen masu sayar da kekuna a manyan garuruwanmu zai ga na gwanjo daga Turai da sababbi daga Sin, kuma zai ga yadda faifai ya zama abin ƙara wa keke kuɗi, yara suna nuna shi da yatsa. Galibin faifan da ke kan kekuna masu araha da waya yake aiki, kuma a yawancinsu takalmi ɗaya ne ke motsi, ya tanƙwaro faifan zuwa ɗaya takalmin. Irin wannan, idan ba a saita shi da kyau ba, birkin wili mai siffar V da aka sa wa sabuwar waya da roba mai kyau ya fi shi riƙo nesa ba kusa ba, ga shi kowane mai gyaran keke a bakin titi yana da kayansa. Babban raunin birkin wili, wato ruwan sama, ya fi damun mutanen Sikotland da Jamus fiye da mu da muke shafe fiye da rabin shekara ba mu ga ɗigo ba.

Akwai abubuwa biyu da nake so iyaye su kiyaye idan har keken da suka saya mai birkin mai ne. Na farko, man iri biyu ne kuma ba sa haɗuwa. Birkin Magura da na Shimano man ma'adinai suke sha, na Hope kuwa irin man birkin mota ne mai lambar DOT. Idan bakanike ya ɗura man birkin mota a cikin wanda aka yi don man ma'adinai, robobin ciki za su kumbura su lalace, birkin ya shanye ba sallama. Na biyu, kuma wannan ya shafi kowane irin birki, a duba wane hannu ne ke riƙe da wace ƙafa. A Birtaniya hannun hagu ne ke jan birkin baya, a yawancin ƙasashen Turai da Amurka kuwa hannun dama ne, kekunan gwanjo kuma daga ko'ina suke zuwa. Yaron da ya saba da ɗaya ya hau ɗayan, ranar da ya tsorata ya damƙe birkin gaba yana zaton na baya ne, ta saman kan keke zai wuce.

Ga yadda muka ƙare da ɗana. Keken tirayal na ainihi ba ya samuwa a kusa da mu, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin albashin malami. Na saya masa na gwanjo mai inci 26, mai ƙaramin firam, da birkin wili mai siffar V gaba da baya. Mai gyara ya miƙe wilin, ya sauya wayoyin birki da robobi, ya sauke sirdi ƙasa. Ban bari an kai wa wilin giranda ba, domin wilin keken yau da kullum bai da kaurin na 'yan wasa, karta za ta raunana shi. Gogewa da tsabta kawai muke yi masa. Na gindaya sharuɗɗa uku: babu hawa sai da hular kwano, babu hawa abin da ya wuce gwiwa da wannan keke, kuma kafin kowane wasa ya ja birkin baya ya tura keken gaba da baya ya tabbatar ƙafar ba ta motsi. Na yi masa alkawarin idan ya shekara bai gaji ba, za mu duba yiwuwar sa faifai mai kyau a ƙafar gaba, inda amfaninsa yake a fili. Da a ce keke mai inci 20 ya nema, ko wasan titi mai gudu, da wataƙila shi ne zai yi gaskiya ni in bi shi.

Darasin farko da na ba shi, wanda ni ma a bakin dattijon na ji, shi ne ya koyi tsayawa wuri ɗaya a kan keke, birki biyu a riƙe, ƙafafu a kan feda, ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Jikan dattijon sai da ya yi watanni a kan wannan kafin a bar shi ya hau ko da gungume ɗaya. Da farko yaron ya ga kamar raini ne, yanzu kuwa yana iya yin kusan minti ɗaya, kuma da bakinsa ya faɗa mini cewa ya gane birkin da ya ɗan zame da wanda ya kama. Kwanan baya mahaifiyarsa ta shigo tana ƙorafin cewa birkin keken nan ya fara wata irin ƙara da la'asar, a kai shi a sa masa mai. Na ce mata ta yi haƙuri, kada kowa ya kusanci wilin nan da mai. Allah Ya kiyaye mana zuri'a, Ya sa mu dace.